Ni da Waken Ummi

Ummi ta dawo daga makaranta da aikin kimiyya: ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana, ɗaya a duhu. Amma kafin ta zuba ko ɗigon ruwa sai ta rubuta hasashe, ta faɗi abin da take ganin zai faru da dalilinsa.

Na ce ta miƙo biro. Ni da nake auna wake a kasuwar Mile 12 da ke Legas tun ba a haife ta ba? Na rangaɗa mata: idan wake ya samu rana, zai fi na duhu tsawo, saboda shuka ba ta yi sai da rana. Har da jan layi a ƙasa.

Muka samo gwangwanayen madara, ƙasa iri ɗaya, ruwa cokali ɗaya, don Malama ta ce haske kaɗai aka yarda ya bambanta. Ɗaya ya hau bakin taga, ɗaya ya shiga kwali ƙarƙashin gado. A gidan hayarmu na Agege tsare na tagar ma aiki ne, don kajin maƙwabta ba su san kimiyya ba.

Ranar awo na jawo kwali. Wai! Na duhun ya zuƙe zalalam, siriri, fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya, ya kere na rana nesa ba kusa ba. Na tagar kuwa gajere, kakkaura, ganye kore shar. Ummi ta buɗe littafi ta karanto min: ƙwayar wake da guzurinta take tsirowa, in babu haske sai tsiron ya yi ta miƙewa yana nemansa, koren ganye ne ba ya zuwa sai da rana.

Na duba ƙofa, na rage murya. "Mamana, kawo abin gogewa, mu mai da tsawo ya koma kauri."

"Haba Baba! Malama ta ce ba a rage maki don hasashe bai ci ba. A gyara shi bayan an ga sakamako, wannan shi ne maguɗi."

Uwarta tana daga kicin tana ƙyaƙyata dariya.

Ranar baje koli na tarar da kwalinta manne a bango, ta rubuta da jan biro: "Hasashen Babana ne, mai sayar da wake a Mile 12." Ashe ɗan maƙwabcin rumfata ajinsu ɗaya. Yanzu ko mudu na ɗaga sai wani ya ƙwalo daga can: "Alhaji, na rana ne ko na duhu?"