Jami'o'inmu su fara ƙirga bishiyar da ta rayu

Shekara uku ke nan ina ƙasar Sikotilan ina karatu, kuma cikin abubuwan da suka tsaya min a rai har da wata takarda da jami'armu ta turo wa kowa ta imel, ɗalibi da malami har masu shara, wato tsarin da ta yi na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Na zauna na karance ta tas a daren da ta zo, ina gamawa ba abin da ya faɗo min sai ƙauyenmu can tsakanin Ringim da Taura, da gonar Baba da ruwa ya shanye a daminar 2022.

Abin da ya kama ni a takardar nan lissafi ne. Sun rubuta wutar da suke sha a shekara, gas ɗin da suke ƙonawa don ɗumama ɗakuna lokacin sanyi, tafiye-tafiyen malamai a jirgin sama, har sharar da ke fita daga kicin, kowanne da adadinsa da shekarar da aka fara ƙirga da shekarar da suke so ya sauko, sannan ga ofishin da za a tuhuma in ba a yi ba. Duk shekara kuma sai su fito su ce nan mun cimma, nan mun gaza. A laburare akwai allo a bakin ƙofa yana nuna wutar da ginin ya ci yau, in ka tashi daga teburinka ka jima fitilar wajen da kanta take mutuwa. Kwandon shara uku ne a jere, na takarda daban, na roba da gwangwani daban, na ragowar abinci daban, wata dattijuwa mai shara ce ma ta fara gyara min da na jefa ɓawon ayaba inda bai dace ba, cikin mutunci ta nuna min ta wuce.

To amma fa in faɗi gaskiya, wallahi rabin abin da suke koya wa ɗalibai a nan da fasta da taro, Innarmu ta girme shi. A gidanmu ba a zubar da komai. Ragowar tuwo a yi ɗumame da safe, ƙanzo a jiƙa, dusa ta tumaki ce, ruwan wanke-wanke a zuba gindin zogale, toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida a tara a juji, bazara na yi a ɗora mangala a kan jaki a kai gona. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, tsohon zane ya zama tsumma ko gammo. Su a nan sai da suka cika duniya da hayaƙi sannan suka dawo suna neman hanyar da mu muke kai tun kaka da kakanni, Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na hayaƙin nan, amma mu ne ruwa yake ci, mu ne rairayi yake binnewa. Wannan abin yana min ciwo sosai.

Shi ya sa ba na goyon bayan jami'o'inmu su ɗauko takardar Turawa su canza suna kawai. Su babbar matsalarsu ɗumama gini, mu tamu inuwa ce da ruwa da itacen girki da dizal ɗin janareto da leda. Ɗalibin da ke zaune a aji a watan Afrilu ba wuta ba fanka, zufa na ɗiga a kan takardar jarrabawa, wanda zai fito ya yi tafiya mai nisa zuwa hostal ba bishiya ko ɗaya da zai raɓa, ka ce masa ya raba shara gida uku ai ba ka fara daga inda ya kamata ba. Abu ɗaya nake so mu ɗauka a wajensu, ƙirga da bin diddigi.

Na taɓa halartar bikin dashen bishiya a wata makaranta a gida, ba sai na faɗi sunanta ba. An kafa rumfa, manya sun zo, kowa ya riƙe shebur an ɗau hoto, aka dasa darbejiya da turare layi-layi a ƙarshen damina. Ba a kewaye su da ƙaya ba, ba a ɗora wa kowa ban ruwa ba. Na koma wajen bayan hunturu, awaki sun cinye wasu rana ta ƙone saura, ramukan ne kawai suka rage. Shekara ta zagayo aka sake yin bikin a fili ɗaya. Da a ce akwai littafi da aka rubuta an dasa kaza, bayan wata goma sha biyu kaza ne suka rayu, ga sunan sashen da aka damƙa wa, da ba a maimaita wannan asarar ba.

Kuma ba wai ba mu da abin farawa ba ne. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a 2019 ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta, tana kuma da cibiyar binciken noma a busasshiyar ƙasa. Ga jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ga kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta, ga poli a Haɗeja. A 2021 Buhari ya je taron sauyin yanayi a Gilasgo, nan ƙasar da nake, ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar. Kano da Jigawa duk suna cikin jihohin Najeriya 11 na shirin katangar bishiyoyi ta Afirka don tare hamada. Takardu da alkawura kam akwai su, mai bin sawu nake nema.

Ni a ganina ma tsarin jami'a a wajenmu bai kamata ya tsaya a bakin get ba. Kafin Hausa ai cikin manoma take, Dutse ma kana fita kaɗan gonaki ne. Kogin Haɗeja tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa tafiyar ruwansa ta canza, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan Haɗeja har zuwa Nguru, shekarar da ruwa ya yi yawa sai ya rasa hanya ya faɗa gonaki da gidaje. Wannan ba shi ne furojet ɗin da ya dace da ɗan aji huɗu ba? A tura su su auna, su zana taswirar inda ruwa ke bi, su zauna da sarkin noma da masunta su ji yadda abin yake shekara talatin baya, maimakon a riƙa kwafo tsohon furojet ana canza bango.

Sai maganar gawo, wadda ita ce ta fi damuna. Duk wanda ya tashi a karkara ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na sauran gona kyau, domin shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture, a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a sassabe saura, suna ce masa sassaben zamani, kuma da wannan aka farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da gandun raino ko ban ruwa ba. Daga Maigatari tsallakawa kawai za ka yi ka gani da idonka. A nan na ji malami Bature yana koyar da wannan a lakca da hotunan gonakin Hausawa a allo, ni kaɗai ne a ajin na taɓa hutawa a gindin gawo, na yi murna kuma raina ya sosu, don ban taɓa jin an kawo shi a aji ba lokacin da nake karatu a gida. Jami'o'inmu suna da filaye manya da ba a gina ba, in aka ware wani yanki aka hana sara da kiwo na 'yan shekaru, aka ba kowane rukunin ɗalibai layinsu su kula da shi har su gama, gawo da aduwa da magarya da kurna da kansu za su taso. Masu dafa abinci a cikin makaranta kuma a taimaka musu da murhu mai cin itace kaɗan, ragowar abinci da kashin dabbobin gonar makaranta a yi taki, ledar fiyawata da awaki ke haɗiya suna mutuwa a sa famfuna masu ruwa mai kyau a rage ta.

Ran Juma'ar da ta wuce na kira gida, bayan mun gaisa na ce Baba, wai tohon gawon nan na gonar tudu kuna barinsa kuwa? Ya ce bana ya bar guda bakwai, ya ɗaura musu tsumma ja don masu sassabe su gane, amma biyu masu neman itace sun sare da dare. Na roƙi ƙanena da ke karatu a Dutse in ya je hutu ya ɗauki hoton biyar ɗin da suka rage, ya auna tsawonsu da igiya ya rubuta a littafi da kwanan wata, baɗi war haka mu sake aunawa.