Kashe Caja Kafin Ka Taɓa Kan Batir

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa matasa masu aikin batir, ko na mota ne, ko na sola, ko na inbata, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu daina: mutum ya zo ya fizge wayar caja daga kan batir alhali cajar tana kunne. Don ka yi sau ɗari ba abin da ya faru, ba ya nufin hanyar daidai ce.

Batir mai dalma da asid, idan ya kusa cika, wutar da ke shigarsa takan fara raba ruwan cikinsa zuwa iska biyu, haidurojin da oksijin. Wannan tafasar da kake ji a cikin ramukan ruwan batirin, ita ce. Haidurojin ba ta da wari, ba ta da launi, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ƙaramin tartsatsi ya isa ya tayar da ita. To ina tartsatsin yake fitowa? A daidai bakin wayar da ka cire tana ɗauke da wuta, wato taku ɗaya da inda iskar take fita, a lokacin da ta fi yawa. Batir ya yi bindiga, murfi ya tarwatse, asid ya watsu, kuma fuskar wanda ya sunkuya a kai ita ce mafi kusa.

Saboda haka a riƙe jerin nan kamar karatu. Caja tana kashe, ba ta cikin soket. Jar waya ta kama kan da ke da alamar +, baƙa ta kama mai alamar −. Sai a sa a soket, a kunna. Wajen cirewa a juya: a kashe, a zare daga soket, a ɗan dakata, a cire baƙa, sannan ja. Idan batirin yana jikin mota, baƙar wayar ta kama ƙarfen inji ko bodi inda babu fenti, nesa da batir da bututun mai. Kada ka dogara da launin wayoyin da ka tarar a jikin batir, wani ya iya sauya su. Alamar da ke jikin batirin ita za ka duba.

Wurin caji ya zama mai shan iska. Haidurojin ta fi iska rashin nauyi, sama take tafiya ta taru a ƙarƙashin rufi, don haka rufaffen ɗaki ko ɗakin kwana ba wurin wannan aiki ba ne. Ba sigari, ba ashana, ba walda a kusa. Cire zobe da agogon ƙarfe. Sufana guda da ta faɗo ta haɗa kawunan biyu tana iya jan ɗaruruwan amfiya nan take, ta yi ja.

Sai maganar sauri, wadda a nan ake kashe batura masu rai. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta a jiki: batir mai 100Ah a ba shi kamar amfiya 10, mai 60Ah a ba shi 6. Wanda ya sauka rabi zai ɗauki awa shida ko fiye. Mai abu yana tsaye yana matsa maka, sai ka murɗa caja zuwa ƙarshe, batir ya ɗau zafi, ruwa ya ƙone, faranten dalma da ke cikinsa su lanƙwashe. Sauri ya haifi nawa ke nan. Batir mai bolt 12 ramuka shida gare shi, cajinsa yana kaiwa wajen bolt 14.4, in ya cika a riƙe shi tsakanin 13.5 da 13.8. Caja mai kashe kanta tana yin wannan da kanta. Tsohuwar caja ta hannu ba ta san batir ya cika ba, kada a kwana a bar ta. Rufaffun batura irin AGM da jel sun fi kowa ƙin wuce ƙa'ida, domin ruwan da suka rasa ba ya mayuwa. A zaɓa musu nasu tsarin a jikin caja.

Kafin caji, buɗe ramukan in masu buɗuwa ne. Idan faranti ya leƙo, zuba tataccen ruwa na tururi daidai yadda zai rufe shi, sauran cikon sai bayan caji, don ruwan yana tasowa ya yi ambaliya. Ruwa ne ke ƙonewa, asid yana nan, don haka ba a ƙara asid. Ruwan famfo kuma da na rijiya suna da ma'adinai masu lalata faranti.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, ba a cajinsa. In ana cikin caji jikinsa ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, kusan digiri 50, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashe daga soket. Sa tabarau na kariya da safar hannu ta roba. Asid in ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan asibiti. Asid ɗin da ya zube a ƙasa a barbaɗa masa bekin soda.

Bayan caji a bar batir ya huta wasu awoyi kafin a gwada da mita. Bolt 12.6 zuwa 12.7 ya cika, 12.2 rabi ne. In ya tsaya wajen 10.5 duk da cajin da ya sha, rami ɗaya ya mutu, ƙarin caji zafi kawai zai ƙara masa.