Yunwa ba ta raba kowa da ƙwaya

Na ga bidiyon, don Allah ku daina turo min. Na ga mutumin ya harɗe a kujera yana washe baki, wai su a gidan marinsu na 'yan ƙwaya sau ɗaya ake ba yaro abinci a wuni, sai ciki ya yi laushi zuciya ke yin laushi. Na kuma gan ku a ƙasa kuna ta jera "Allah ya saka wa malam da alheri". Madalla! Ashe likitocin asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware wahalar banza suke sha tsawon shekarun nan, magani yana cikin tukunyar da ba a ɗora ba. Sai a rufe asibitocin, a sayar da gadaje, a sayo sarƙa da kwaɗo.

Yunwa ba ta raba kowa da ƙwaya. Wanda ya shekara yana ɗirkar kodin ko tiramol, da yunwarsa ake kawo shi. Ƙwayar ta kashe masa sha'awar abinci, ta ɗaure masa ciki har bayan gida ya zama aiki, kuɗin tuwo kuma sun tafi kwalba. Ranar da aka yanke masa ita sai amai da gudawa, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki. Jiki na zubar da ruwa da gishirinsa. A wannan halin ne wani zai ce a rage masa kwano don ya yi hankali? Da wace ƙwaƙwalwar zai yi hankalin? Da ruwan ciki ake jan na rijiya, mu muka faɗa da bakinmu, amma in an zo kan ɗan ƙwaya sai mu manta.

Ƙwaƙwalwa nama ce, ci take yi. Sinadaran da ke kai saƙo a cikinta, waɗanda ke riƙe da barci da natsuwa da walwala, daga abinci mai gina jiki ake haɗa su: wake, ƙwai, nono, kifi, nama. Ku tambayi kowane likita abin da ya sa in an kwantar da mashayin giya ake gaggauta yi masa allurar bitamin B1. Giya tana hana hanji tsotse shi, ajiyarsa a jiki kuma 'yan makonni ce. In ya ƙare mutum ya rikice, ya riƙa tangaɗi ba tare da ya sha komai ba, ido na rawa, in aka yi sake ya rasa tunaninsa har abada. Mu kuwa da mun ga haka sai mu ce iska ce, ko iskanci, a ƙara masa bulala.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1914 gwamnatin Amurka ta tura wani likita, Joseph Goldberger, kudancin ƙasar ya gano musabbabin cutar felagira, wadda ke sa fata ta yi baƙi tana saɓulewa, ta kawo gudawa, daga ƙarshe ta taɓa hankali. Manyan likitoci sun haƙiƙance ɗaukarta ake yi. Shi kuwa ya lura a gidajen marayu da gidan masu taɓin hankali, mazauna ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su kullum lafiyarsu ƙalau. Bambancin yana cikin kwano: waɗancan masara safe da yamma, waɗannan madara da nama. Ya sa aka ƙara wa marasa lafiyar madara da ƙwai da nama da wake, cuta ta ɗauke. Daga baya aka gano rashin bitamin B3 ne. To ku gaya min me ake tuƙawa a yawancin gidajen nan namu in ba tuwon masara da miyar da za ka hango ƙasan kwano ta cikinta ba. Gyaɗa kuwa cike take da B3. Ƙuli-ƙulin da muke rainawa!

Ko a 2017 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum 67 masu ciwon damuwa matsakaici zuwa mai tsanani. Rabi aka haɗa su da masaniyar abinci ta gyara musu cimarsu, rabi aka riƙa zama ana ɗebe musu kewa. Bayan mako 12, kusan kashi 32 cikin ɗari na rukunin farko sun warware, na biyun kashi 8. Gwajin ƙarami ne, kuma ba a ce kowa ya ajiye maganinsa ba. Amma ba a taɓa jin gwajin da yunwa ta ci ba.

Na san masu cewa "kai yanzu wake ne zai warkar da hauka?" suna hanya. Ban ce ba, ku sake karantawa. Masu cewa addu'a ce magani, wa ya hana? A yi masa tofi a ba shi fura, ba su taɓa yin faɗa ba. Masu kukan tsadar abinci su ne suka fi ba ni dariya. Gidan da ake kiwon ragon layya wata uku da harawa da dusa da ƙowa, ana shafa bayansa ana auna ƙiba, nan ne za a ce ƙwai biyu a rana ga ɗan da aka haifa ya yi yawa. Dusar ma da kuke ba ragon, a cikinta bitamin B na hatsin yake, kun surfe kun miƙa masa, kun bar wa yaro farin gari.

Maganar gaskiya, zuciyata tana wajen iyayen. Uwar da ɗanta ya sace mata keken ɗinki ya sayar, ya zage ta a gaban kishiya, ba mugunta ce ke kai ta ƙofar gidan mari ba, gajiya ce da rashin mafita. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan, gadajen asibiti kuwa ba su kai ko'ina ba. Amma mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019, mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, haƙarƙari a waje. Muka yi salati, muka manta. Hajiya, in har dole sai kin kai shi wani wuri, kafin ki tambayi kuɗin wata ki ce a nuna miki madafa, ki buɗe tukunya da hannunki. In aka hana ki, ɗauki ɗanki ki juya.

Ku kuma masu zuwa dubiya, wa ya ɗora muku wannan katan ɗin lemon kwalba da biskit? Wanda ya bar kodin dama kwaɗayin zaƙi ke damunsa, wasu magungunan asibitin kuma suna buɗe ciki su sa ƙiba har su jawo ciwon suga, kun zo kun tula masa sukari. Kuɗin katan ɗaya zai yi kwaɗon zogale da awara da kindirmo har da canji. Sai dai kwanon samira ba ya kyau a hoto, shi ne matsalar. Jiya ma na ga wata ta je dubiya da kek mai hawa biyu, har da sunan shagon a jiki.