Ranar da Farfesa ya ce in zauna a bayan ajinsa

Makon jiya wani dattijo da muke aiki sashe ɗaya nan Ingila ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Farfesa ne, kai fari fat, ya fara koyarwa tun ban shiga lakwal ba. Ya ce yana so in zo ajinsa ran Alhamis, in zauna daga baya, in gaya masa inda yake kuskure. Na ɗauka kunnena ne. Ni da ban fi shekara biyu ina tsayawa gaban ɗalibai ba!

Kafin ranar muka zauna, ya faɗa mini damuwarsa: da an yi rabin awa sai ya ji hankalin yaran ya bar wurinsa. Ran Alhamis ana wannan yayyafin nasu da ba ya ƙarewa. Ɗalibai suka shigo da jiƙaƙƙun riguna, kowa da kofin takarda a hannu da kwamfuta a gaba, suna kiran dattijon da sunansa gatsal, ba ko sakayawa. Na samu kujerar ƙarshe kusa da ƙarfen da ke ɗumama ɗaki. Can na lura in ya jefa tambaya ba ya jira, kafin wani ya buɗe baki ya amsa abinsa. Sau bakwai na ƙirga. Wata yarinya a gefena ta ɗaga hannu sau biyu, tana saukewa a hankali.

Da muka zauna shan shayi bakina ya yi nauyi. Da ƙyar na faɗa, idona a ƙasa. Sai ya zaro biro ya rubuta, ya ce bai taɓa lura ba, ya yi godiya. A sashenmu abin da aka rubuta a irin wannan zama ba ya zuwa teburin shugaba, tsakanin mu biyu yake tsayawa.

Daren nan na kira wani abokina da ke koyarwa a gida Nijar, tare muka taso a Tawa. Ya ce, "Malam, a nan ka shiga ajin babba da takarda a hannu? Sai a ce turo ka aka yi, ko kujerarsa kake hange." Maganar ta yi mini zafi, don na san gaskiya ya faɗa.

Ban manta da amfi ba, wato babban zauren lacca na jami'a a gida. Na san ɗalibai ɗaruruwa a gaban malami ɗaya, da makirfo da ke mutuwa in an ɗauke wuta, da zafin watan Afrilu, da shekarar karatu da ke shiga cikin ta gaba. Malamanmu suna ɗauke da kayan da na nan ba za su iya ba. Amma abin da nake magana a kai kujera ɗaya yake buƙata da awa ɗaya. Jami'ar Yamai tun 1971 take. A 2010 aka buɗe na Tawa da Maraɗi da Damagaram, a 2014 aka ƙara huɗu. Matasa da yawa sun shiga aji daga gama digirin dakta, wa ya taɓa zama ya ga yadda suke koyarwa? Ƙarin girman malamai ta hannun CAMES yake bi, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta yana Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a takardun mutum shi ne binciken da ya wallafa. Wanda ya iya sa yaro ya gane da wanda ke karanta tsohon kaye ana kwafa, daga nesa duk ɗaya suke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a ce wannan halin Turawa ne. Namu ne. A tarawihi in liman ya tsallake aya, daga sahu ake ja masa baki, ko da yaro ne ɗan shekara goma sha biyu. Liman ya karɓa ya ci gaba, ba mai cewa an raina shi. A masallacin unguwarmu na ga haka da idona, kuma bayan sallama malamin ya dafa kan yaron ya sa masa albarka. To me ya sa da mun sa kwat mun shiga boko sai gyara ya zama cin fuska?

Wannan masallacin nake ta gani tun ran Alhamis, da tabarmin da muke shimfiɗawa a waje don zafi, da fadarmu bayan isha'i inda ake musu har shayi na uku ba mai riƙon wani a zuci. A nan mutane suna da ladabin gyara, amma ƙarfe biyar kowa ya ja ƙofarsa.

Na ce wa abokina in na zo hutu zan roƙi aji ɗaya in koyar, shi ya zauna a baya ya rubuta duk abin da ya gani. Ya ce, "Ka zo ɗin tukuna." Shekara huɗu ke nan ina ce masa bana.