Dala dubu 10 da ta tsone wa gwamnatin Trump ido

Tun watan Fabrairun 2025 da hukumar tallafa wa fasaha ta Amurka, wato NEA, ta sanar da soke shirinta na Challenge America, abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin ba wani na a-zo-a-gani ba ne. Dala dubu 10 ake bai wa ƙaramar ƙungiya mai aiki a unguwannin talakawa da ƙauyuka da cikin baƙi 'yan ci-rani, kuma sai ta nemo wata dubu 10 da kanta ta haɗa. Da irin wannan ɗan abin ne wasu ke biyan malamin da zai zo ranar Asabar ya koya wa yara riƙe kyamara. Aka ce hankalin hukumar ya koma kan bikin cikar Amurka shekara 250. Kafin mutane su gama jinjina wannan, sai ga ranar Juma'a 2 ga Mayu ɗaruruwan ƙungiyoyi sun sami saƙon imel cewa tallafin da aka riga aka yi musu alkawari ma an janye, a ranar da fadar White House ta nemi majalisa ta rufe hukumar baki ɗaya.

Kwana biyu kacal bayan haka, Donald Trump ya hau shafinsa yana kukan cewa masana'antar fim ta Amurka na mutuwa, don haka zai ɗora harajin kashi 100 kan finafinan da aka yi a ƙasashen waje. Tun a watan Janairu ya naɗa jaruman fim Jon Voight da Mel Gibson da Sylvester Stallone jakadunsa na musamman a Hollywood, mutum uku da mafi ƙanƙantarsu ya ba shekara sittin baya. Mutum yana kukan gona ta mutu, ga shi ya zubar da iri, ya kuma kira dattawa uku su tsaya gadin kunya.

Masu kare matakin soke tallafin maganarsu ɗaya ce, kuma na san za ta yi daɗi a kunnen mutanenmu da yawa: yaron da ubansa ke fama da kuɗin haya, me zai yi da kyamara? A koya masa lissafi, a koya masa sana'a, wanda ke son wasan kwaikwayo ya biya da aljihunsa. Duk wanda ya faɗi haka, ina tabbatar maka bai taɓa zama ya karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim ba. Jarumai ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Sauran ɗaruruwan kuwa kafintoci ne da masu lantarki da teloli da direbobi da masu kwalliya da masu ɗaukar sauti da masu editin da akantoci. A New York da Los Angeles waɗannan ayyuka suna da ƙungiyoyin ƙwadago, da albashi mai kauri, da inshorar lafiya, abin da mai wankin kwano a gidan abinci ba ya ko mafarkinsa. Idan wannan ba sana'a ba ce, to ban san me ake kira sana'a ba.

Matsalar ita ce ƙofar shiga. Harkar fim ta sanayya ce, a can ma kamar nan: wa ka sani, wa ya san ka, wa zai kira ka lokeshan gobe da asuba. Makarantar fim ta Jami'ar New York kuɗin karatunta kaɗai ya haura dala dubu 60 a shekara, ban da ci da wurin kwana. Ɗan direban tasi ba shi da kawu a Hollywood, ba shi kuma da dubu 60. Wannan giɓin ne wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Joe Hall ya hango a shekarar 2000, ya buɗe makarantar fim ta Ghetto Film School a Kudancin Bronx da ke birnin New York, yankin da mazaɓarsa ta majalisar wakilai ta daɗe cikin mafiya talauci a ƙasar. Kyauta ake koyarwa, kuma horon manyan ɗalibansu yana ɗaukar wata 30. A 2009 suka haɗa hannu da hukumar ilimi ta birnin aka buɗe sakandaren gwamnati ta koyon fim a Bronx ɗin, a 2014 suka buɗe reshe a Los Angeles, daga baya har Landan. Ita ta girma, tana da manyan kamfanoni a bayanta, ba za ta mutu don an soke dala dubu 10 ba. Ƙananan da ba wanda ya san sunansu, masu aron ɗaki a ɗakin karatu na unguwa ko a ƙarƙashin wani gini, su ne za su ji a jikinsu.

Irin waɗannan ƙananan na gani da idona. Bronx cike take da mutanen Afirka ta Yamma, 'yan Gambiya da Gini da Mali da Senegal, da Hausawan zangunan Ghana da na Nijar masu masallatansu da ƙungiyoyinsu. Na sauka a gidan wani aminina, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya fi shekara ashirin yana tuƙin tasi. Ɗansa mai shekara 16 yana zuwa irin wannan aji ranar Asabar, uban kuwa ba ya so ko kaɗan.

"Malam, ka yi masa magana," in ji shi. "Duk wahalar da na sha na kawo su ƙasar nan, wai hoto zai ɗauka. Sa'anninsa na karatun likita."

Da dare yaron ya matso kusa da ni da kwamfutarsa. "Kawu, ka gani kafin ka yi mini faɗa."

Fim ne na minti huɗu. Ba a nuna fuskar kowa ba. Hannun ubansa ne kawai a kan sitiyari kafin gari ya waye, ga filas ɗin shayi a gefe, ga carbi yana lilo a jikin madubi, muryar uban kuma tana ba da labarin ranar da ya fara ganin ƙanƙara na zuba. Yaron ya ce sau uku ya sake ɗaukar muryar, don duk lokacin da jirgin ƙasan da ke bi ta saman titin Jerome ya wuce sai ya cinye maganar. A ƙarshe cikin durowar kaya ya shigar da uban, tsakanin manyan riguna, don tufafi na shanye amsa-kuwwa. Malaminsu ne ya koya masa wannan dabarar. Wato yaron da ake cewa wasa yake yi ya tsara lokaci, ya rubuta tambayoyi da Hausa ya juya su Turanci a ƙasan hoto, ya lallashi mutumin da ba ya son a ɗauke shi, ya kuma gama aiki a ranar da aka ɗiba masa. Uban yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Bai ce komai ba, sai da aka gama ya ce a tura wa yayarsa a Kumasi.

Akwai kuma batun waye ke ba da labarin wa. Mutanen Bronx ba su manta da Amadou Diallo ba, matashin ɗan Gini da 'yan sanda suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansu a watan Fabrairun 1999. Babu hoton bidiyo, aka wanke 'yan sandan huɗu. A 2020 kuwa yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya da wayarta a Minneapolis ta ɗauki yadda aka kashe George Floyd, ɗan sandan da ya danne shi yana gidan yari yanzu. Ba na cewa don tsoron wannan aka soke shirin. Ina dai cewa gwamnatin da ke kwatanta baƙi da masu laifi safe da yamma ba za ta yi ɗokin ganin 'ya'yan baƙin sun iya tsara labarinsu da kansu ba.

Su ma masu ba da tallafin ba su tsira a wurina ba. Da yawansu hawaye suke saye: yaro ya zo da labarin ban dariya ko na aljanu, a ce masa a'a, ba mu labarin yadda kuka ƙetare hamada. Wannan ma cin fuska ne, amma gyara yake buƙata, kuma ba shi ne ya dami masu almakashi a Washington ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin sanin tarihi. Wa ya gina Hollywood ɗin da ake wa kuka? Carl Laemmle da ya kafa kamfanin fim na Universal daga Jamus ya zo. Adolph Zukor na Paramount maraya ne daga Hungary, ya fara da sana'ar fatu. Samuel Goldwyn daga Warsaw ya taso, ya yi tallan safar hannu. Louis B. Mayer daga daular Rasha iyayensa suka gudo da shi, ya yi jari-bola tare da mahaifinsa. Da a yau suka sauka, su ne za a ce kyamara ba tasu ba ce.

Kuma kada a ce wannan harka ta baƙaƙe da baƙi ce kaɗai. A 1969, da kuɗin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da talauci, aka buɗe wani ɗan ajin koyon fim a garin Whitesburg na jihar Kentucky don 'ya'yan masu haƙar kwal, fararen fata talakawa. Shi ne ya zama Appalshop, wanda ya adana muryoyi da kiɗa da rayuwar mutanen tsaunukan nan sama da shekara 50, har ambaliyar 2022 ta shiga ma'ajiyarsa. Mutanen yankin Trump suka zaɓa da gagarumin rinjaye. Almakashin bai tambayi wa ka zaɓa ba.

Batun tsimi kuwa, a bar shi kawai. Kasafin NEA gaba ɗaya dala miliyan 207 ne a shekara, bai kai dala ɗaya kan kowane Ba'amurke ba. Faretin sojan da aka yi a Washington ranar 14 ga Yunin 2025, rundunar da kanta ta ƙiyasta zai ci tsakanin miliyan 25 zuwa 45. Ɗauki ƙaramin adadin ka raba, tallafi 2,500 ke nan na dubu goma-goma, an tattake su da tankoki a yini ɗaya. Ga kuma lambun da ake shirin cikawa da mutum-mutumi 250 na gwarazan Amurka. Akwai kuɗin sassaƙa matattu.

Mu ma dai ba mu da bakin dariya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano bayan surutu ya yi yawa, alhali cikin abin da aka tsara har da wurin horar da matasa. Har yau yaran Kannywood a bayan oga suke koyon riƙe fitila.

A zangonsa na farko Trump ya nemi a rufe NEA shekara bayan shekara, majalisa ta ƙi, har da 'yan jam'iyyarsa. Ya kamata su sake ƙi, su kuma matsa a dawo da ƙaramin tallafin. Birnin New York yana da shirinsa na horar da talakawa aikin lokeshan kyauta tun 2006, sai ya faɗaɗa shi zuwa 'yan sakandare. Kamfanoni irin su Netflix da ke toshe titunan unguwannin nan suna ɗaukar fim su ma su zuba wani abu. Ƙungiyoyin mutanenmu na Bronx kuwa, da ke iya tara dubban daloli cikin kwana biyu don kai gawa gida, ba za su gagara sayen kyamara biyu da makirufo ba. Da zan taho, yaron aminina ya ce mini ajinsu ya koma Asabar ɗaya a wata, don malamin ya kama wani aikin da zai biya shi.