Wai Zamfara ta fi Imo aikin yi?

Daren jiya a teburin mai shayin unguwarmu, ƙanena da ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. "Yaya, duba nan. Ashe mu 'yan Arewa ne muke cikin daula ba mu sani ba."

Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta ƙarshen shekarar 2020, lokacin da aka ce rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100. A lissafin jiha-jiha, Imo ce a sama da kusan kashi 57, Adamawa na biye da ita da kusan 55. Can ƙasa kuma sai Osun da Binuwai da Zamfara, kowacce ba ta wuce kashi 13 ba. Zamfara fa! Jihar da a wasu ƙauyukanta manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya sa fartanya a gonarsa.

Ni dai ban yi dariya ba, don lissafin bai yi ƙarya ba. Mu ne muke karanta shi a baibai.

A wurin masu ƙididdiga, mara aikin yi shi ne wanda ba ya aiki kuma yana nema. To wa ke da halin zama yana nema? Sai wanda yake da mai ci da shi. Saurayin da ya gama digiri a Owerri, babban birnin Imo, yayansa na Legas ko Landan yana turo masa ɗan abin kashewa, zai iya shekara uku yana yawo da takardu a ambulan. Shi za a rubuta a layin marasa aiki. Amma yaron ƙauye a Zurmi ko Gwadabawa, ranar da bai fita ba ranar ba a ɗora tukunya ba. Da damina yana gona, da rani ya ɗaure buhunsa ya hau motar shanu ya tafi cin rani: turin baro, garuwa, yankan farce, gyaran takalmi, acaɓa. Wannan ba zai taɓa shiga layin marasa aiki ba, ko da abin da ya samu a wuni bai sayi mudun masara ba.

Akwai wani ɗan garuwa da ke kawo mana ruwa. Jarka goma sha biyu yake turawa a kura, tafin hannunsa ya yi kanta kamar fatar ganga, silifas ɗinsa an ɗinke shi da waya. A takarda, shi mai aiki ne, ƙanena kuma zaman banza yake. Amma ƙanena ne ke cin Indomie da ƙwai biyu a teburin nan.

Idan kana son ganin ɗaya fuskar, ɗauko rahoton talauci na wannan hukumar dai na 2022. Mutum miliyan 133 aka ce suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Sakkwato ce kan gaba da kashi 91, Ondo na ƙarshe da 27. Ka ga ke nan jiha za ta iya zama kowa na aiki kuma kowa na fama.

Sai kuma a 2023 aka sauya ma'auni gaba ɗaya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba mara aiki ne. Yanzu awa ɗaya tak a mako ta wadatar, muddin don samun kuɗi aka yi ta. Nan take adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. An yi ta surutu a rediyo, wasu na cewa gwamnati ce ta yi wa lissafi kwaskwarima. A gaskiya ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, ƙasashe da yawa da shi suke amfani. Abin da ya ja hankalina shi ne ko da sabon ma'aunin, Abiya da Abuja da Ribas ne a sama, Nasarawa kuma ba ta kai ko kashi 1 ba. Wato inda ake da ofisoshi da masu takardu, nan ake jiran aiki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne in ji wani kwamishina ya ɗauki irin wannan adadi yana tinƙaho da shi a taro. Ya zo ya zagaya Kakuri a Kaduna ya ga masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje sun zama kufai, ko ya leƙa Sharaɗa da Bompai ya ƙirga injinan da suka yi tsatsa. 'Ya'yan ma'aikatan nan ba su ɓace ba. Suna bakin titi da laima da na'urar POS, kuma ƙididdiga ta sa su a layin masu aiki.

Da na gama wannan dogon bayani, ƙanena ya ce ai shi ma ranar Asabar yakan zauna wa abokinsa a shagon cajin waya, a ba shi dubu ɗaya da ɗari biyar.

Mai shayi ya ɗago daga kan tukunya ya ce, "To Malam, tunda gwamnati ta ce kana da aiki, sai ka biya bashin shayina na wata biyu."