Takarda nawa kafinta zai yanka?

Jiya da hantsi ina tsakiyar goge ƙofar wata amarya, sai ga mutum uku da kundin rasit, wai kuɗin izinin wurin sana'a. Na buɗe durowa na zaro takardar da na yanka a watan Janairu, har da hatiminta. Babbansu ko karɓa bai yi ba, ya ce, "Malam, wannan ta wani ofishi ce, tamu daban."

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ban ƙi biyan haƙƙin hukuma ba, na yi rajistar sunan shago, na biya kuɗin allo, na biya na shara, alhali diddigar katakon ma masu kaji ne ke zuwa su kwashe a buhu. Katakon da nake saya a kasuwar Na'ibawa ta Kano kuwa, tun daga dajin kudu ake yanka masa takarda a shinge bayan shinge, kuma duk a farashin falanki ake ɗora mana.

Su haɗa abin wuri guda mana, su faɗi nawa ne a shekara, mu biya a banki. Mutanen nan na jiya sai da suka ɗauke mini zarto, na bar yara biyu zaune ba aiki har la'asar, ga uwar amarya tana ta kira a waya.